Yadda za ka kai baƙonka gidan abinci na zamani a Jidda, ku tashi da mutunci da sauran kuɗi

Duk wanda ya daɗe a Jidda ko Makka ya san irin wayar nan: "Mun sauka lafiya, mun gama Umara, yaushe za mu gan ka?" Kawunka ne, ko surukarka, ko abokin da kuka yi makaranta tare a Kano. Kwanakin farko ba su da wahala. Ka kai su Albaik sun ci kaza, an ci shinkafar mandi da ta buhari, an leƙa Shara Mansur an ci tuwo da miyar kuka don kada kewar gida ta dame su. Sai kuma ranar da zuciya za ta ce maka, mutanen nan fa sun yi maka hidima tun kana yaro, ya kamata ka kai su wani wuri da idan sun koma gida za su daɗe suna ba da labari. A nan ne ake tuna gidajen abincin nan masu manyan madubai da fitilu masu rawaya, waɗanda ake rubuta wa brasserie a goshin ƙofa.

Kalmar ta Faransanci ce, mu ce birasari. Asalin ma'anarta wurin da ake dafa giya. Da yawa daga tsofaffin birasarin Paris mutanen yankin Alsas ne suka kafa su, musamman bayan yaƙin 1870 zuwa 1871 da Jamus ta karɓe yankinsu suka kwararo babban birni. Bofinger tun 1864 yake, Lipp tun 1880, La Coupole kuma 1927. Abin da aka san su da shi shi ne babban zaure mai hayaniya, abinci daga rana har tsakar dare, da jerin abincin da ba ya yawan sauyawa: nama da soyayyen dankali, miyar albasa, kifi da man shanu, gasasshiyar kaza. Da salon ya iso Saudiyya, giya da naman alade a can suka tsaya. Madubai da fararen mayafan teburi da girkin ne suka ƙetaro, sai aka haɗa musu da taliyar Italiya da abin da mai wurin ya ga ana so.

Abu guda nake so ka riƙe kafin mu shiga matakai. A irin wannan wuri zama ake saya, ƙoshi biyo baya yake yi. Wanda ya je da lissafin gidan mandi, inda tire ɗaya ke ɗaukar mutum huɗu har a yi saura, zai fito da ɓacin rai. Aikinka na mai masauki shi ne ka kawar da duk abin da zai sa baƙonka ya ji kamar ya shigo wurin da ba nasa ba, kuma yawancin aikin nan a gida ake yin sa.

Zaɓen wuri, da karatun da za ka yi tun a ɗaki

A Jidda irin waɗannan wurare sun fi yawa a titin Tahliya, da unguwannin Rauda da Zahra da Shaɗi, da bakin teku ta Kornish. In a Riyad kake, akwai Tahliya ta can da Ulayya, da unguwar bankuna ta Sarki Abdullah, da rukunin gidajen abinci na Bujairi a Dir'iyya wanda aka buɗe ƙarshen 2022, inda kana cin abinci kana hangen tsofaffin gine-ginen ƙasa na Turaif. Idan baƙin suna Makka, jirgin ƙasan Haramain da ya fara aiki a 2018 zai kawo su tashar Sulaimaniyya ta Jidda cikin kamar rabin sa'a, ka tare su a can.

Kada ka zaɓi wuri don kawai ka ga hotonsa ya yi kyau a Instagram. Nemi minyu ɗinsu, wato jerin abinci da farashi. Kusan kowannensu yana sa shi a shafinsa, ko ka same shi a hotunan da mutane suka ɗora a Google Maps. Zauna ka karanta shi kamar mai shirin jarrabawa. Abu uku kake nema: shin akwai abin da dattijo zai iya ci ba tare da dogon bayani ba, kamar gasasshiyar kaza ko haƙarƙarin rago ko kifi, nawa ne matsakaicin babban faranti, kuma ana kiɗa da dare ko ba a yi. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da shekaranjiya yake ɗawafi, ka zaunar da shi kusa da lasifika, ko bai ce komai ba ka ɓata masa dare.

Sai lissafi. A ce babban faranti riyal 130 ne, ku huɗu, 520 ke nan. Ƙara abin buɗe ciki guda biyu da za a raba, da abin sha na kowa, da ruwa, da kayan zaki guda biyu, da shayi. Za ka ga ka doshi ninki biyu na 520 ɗin nan. Wannan ita ce ƙa'idata: kuɗin manyan farantai sau biyu. In ka ga adadin ya sa ƙirjinka ya buga, sauya wuri tun yanzu, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka kuma yi wa kanka alƙawarin ba za ka juya kuɗin zuwa naira a gaban baƙi ba, domin daga lokacin da Hajiya ta ji abin da kofin lemo ya kama a naira, ba zai ƙara wuce mata maƙogwaro ba.

Kama teburi

A nan ana ce masa hajz. Ana yi ta waya, ko WhatsApp, ko mahaɗar da ke shafinsu. Tun 2013 hutun mako a ƙasar nan Juma'a da Asabar ne, don haka daren Alhamis da na Juma'a su ne na cunkoso, wuraren da ake yayi kan cika kwanaki kafin ranar. Ni na fi son Litinin ko Talata, ma'aikata ba su gaji ba, kuma za ku ji maganar juna.

Idan ka kira, kada ka tsaya ga faɗin yawanku da lokaci. Tambayi ko suna karɓar yara a wannan lokaci, don wasu ba sa karɓar ƙanana da dare. Tambayi ko akwai mafi ƙarancin abin da dole kowane mutum ya kashe, da ko sai an ajiye kuɗin kafin alƙalami, da ko ana mayarwa in an fasa. Tambayi tsawon lokacin da teburin zai zama naku, saboda a daren cunkoso galibi sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu ake bayarwa. Sannan ka roƙi teburin kwana, nesa da ƙofa da wurin kiɗa. Dalili kuwa, a Disamba 2019 hukuma ta janye sharaɗin da ya tilasta wa gidajen abinci ware ƙofar iyali dabam da ta gwauraye, kuma sababbin wuraren nan yawancinsu zaure ɗaya ne, maza da mata kowa na ganin kowa. Idan surukarka mai niƙabi ce, kujerar da ke fuskantar bango za ta ba ta damar cin abinci cikin sakewa. Wasu wuraren suna da keɓaɓɓen ɗaki, sai dai shi ma da nasa farashin.

Batun lokaci kuma, mutanen ƙasar nan bayan Isha suke fitowa cin abincin dare, wurin ba ya ɗaukar harama sai wajen tara zuwa goma. Dattijon da ya saba kwanciya da wuri don tashin Asuba ba zai kai nan ba. Ku yi Magariba, ku zauna, ku tashi ku yi Isha a masallacin kusa, ko ku yi Isha ku shiga nan take kafin taro. Tun 2021 ba dole ba ne a rufe shaguna da gidajen abinci lokacin salla kamar da, don haka babu wanda zai tashe ku, kai ne za ka riƙe agogo. Wurin zama na waje a Jidda sai lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu. Sauran watanni, laimar teku za ta jiƙa wa Kawu babbar riga kafin miya ta iso.

Tufafi ba abin dogon magana ba ne. Kaftani mai guga da hula, ko babbar riga, ko atamfa da mayafi ko abaya, duk sun wuce abin da ake nema, sau da yawa ma ku za a riƙa kallo da sha'awa. Abin da ake mayar da mutum saboda shi shi ne gajeren wando, silifas na banɗaki da kayan motsa jiki. Ka dai duba ƙafar baƙonka kafin ku fita, don mai Umara ya saba yawo da silifas ɗin Harami.

Ku isa a kan lokaci, wannan ba ɗaurin aure ba ne da za a jira ku. Galibi minti 15 ake riƙe teburi. In ba ka son wahalar neman wurin ajiye mota a Tahliya, ɗauki Uber ko Careem, ko ka ba masu ajiye mota na bakin ƙofa makulli, amma ka tambayi kuɗinsu tukuna. A ƙofa za ka faɗi sunan da ka yi hajz da shi, a raka ku. Bari babba ya fara zama, ka ba shi kujerar bango mai laushi.

Tarkon farko ruwa ne

Kuna zama ma'aikaci zai zo da murmushi ya tambaya, ruwa wane iri, na zallah ko mai gas? In ka ce kowanne, zai kawo doguwar kwalbar gilashi daga Italiya ko Faransa, irin su San Pellegrino ko Evian, kuma duk lokacin da kofi ya yi rabi zai cika, kwalba ta ƙare ya buɗe wata. Ba zamba ba ce, aikinsa ke nan. Kai dai ka ce moya adi, wato ruwa na zallah, ka tambaya ko akwai na ƙasa irin Nova ko Berain, ka kuma ce kwalba ɗaya tukuna. Mai gas ɗin nan mutanenmu da yawa ba sa sha, sai su kurɓa su yamutsa fuska su bar shi, kai kuwa ka biya.

Jerin abin sha zai zo da sunaye masu tayar da hankali da kofuna masu dogon wuya. Ka kwantar wa baƙi hankali tun kafin su tambaya: ba a sayar da giya a gidajen abincin ƙasar nan, duk haɗin 'ya'yan itace ne. Akwai wanda ake kira shamfen na Saudiyya, ruwan tuffa ne da ruwa mai gas, da yankan lemo da tuffa da na'ana'a, ana kawo shi a babban jug. Jug ɗaya na teburi ya fi sauƙi a kan kowa ya ɗauki kofinsa. Haka in kun ga bekon ko ham a rubuce, ba na alade ba ne, na sa ne ko na talotalo.

Minyu, inda ake faɗuwa

Abincin kashi-kashi yake zuwa: abin buɗe ciki, babban faranti, sannan kayan zaki. Burodi da man shanu da za a fara ajiyewa yawanci kyauta ne, ku ci amma kada ya cika ciki. Wasu wuraren ba sa ba da takarda, sai dai ka haska wata alama da wayarka. Kada ka miƙa wa dattijo waya yana lalube, nemi na takarda, ko kai ka karanta masa ka taƙaita: "Kawu, akwai kaza, akwai rago, akwai kifi, wanne za a kawo muku?" Zaɓi uku sun isa. Shafi shida na sunayen Faransanci ba girmamawa ba ne, ɗora wa mutum nauyi ne.

Bari in ba da nawa labarin. Shekarun baya na kai wani kawuna irin wannan wuri, ina ta fankama da cewa na san gari. Na ga an rubuta tartare, a ƙasa an yi bayani da Larabci cewa niƙaƙƙen naman sa ne da albasa da kayan yaji. Na ce a raina ai wannan ɗan'uwan dambun nama ne, na sa aka kawo masa. Sai ga faranti da ɗanyen nama jawur an dunƙule shi, da ɗanyen ƙwanduwa a kansa. Kawu ya dube shi, ya dube ni, ya ce a hankali, "Ɗan nan, ina jin sun manta ba su ɗora ba." Ma'aikacin bai yi kuskure ba, haka ake cin sa. Ni ne na ji kunyar tambaya, kunyar kuma ta same ni ninki biyu.

Don haka ga waɗanda za ka kiyaye. Tartare ɗanye ne, na nama ko na kifi. Carpaccio ma ɗanye ne, an yanka shi siriri kamar takarda. Escargot dodon koɗi ne da man shanu da tafarnuwa. Foie gras hantar agwagwa ce da aka yi wa kiwon ƙiba, ɗan mitsitsi ne kuma da tsada. Burrata farin cuku ne mai ruwa a ciki, wanda ya saba da kindirmo da wara yakan so shi. Miyar albasa kuwa tana zuwa da burodi da narkakken cuku a sama, tana riƙe zafi fiye da yadda ido ke nunawa, a bi ta a hankali.

Sai nama, wanda shi ne zuciyar birasari. In ka nemi sitek, wato gasasshen yankan nama, za a tambaye ka yadda kake so ya nuna. Mai girkin zai fi so ka ce tsaka-tsaki, cikinsa da sauran ja. Mu kuwa da muka tashi da tsire da balangu da kilishi, jan ruwa a faranti yana kashe mana sha'awar ci. Ka ce mustawi marra, wato ya nuna sosai, kada ka ji nauyin kowa, kuɗinka ne. Amma ga gaskiyar da ba a cika faɗa ba: yankan da ba shi da kitse, irin fillet mai tsadar nan, in ya nuna sosai bushewa yake yi ya zama kamar fata. Wanda ke son nama ya dahu lugub, gara ya ɗauki yanka mai kitse irin entrecôte, ko ma ya bar sitek ya nemi ƙaurin rago ko haƙarƙarin sa da aka daɗe ana dafawa a romo. Waɗannan ko mai haƙoran roba zai ci da daɗi. Ga Hajiya kuwa, rabin gasasshiyar kaza da dankali ba ta taɓa ba ni kunya ba. A Jidda kifi ma abin dogaro ne, hamur ko najil na Bahar Maliya, sai dai in an ce farashinsa da nauyi ne, ka tambayi nawa zai kama kafin a yanka.

Ka lura, sau da yawa nama shi kaɗai yake zuwa, dankali ko shinkafa ko ganye kowanne da kuɗinsa dabam. Tambaya: me yake zuwa da shi? Yaji kuma ba a sa shi a girkin Faransa, ka nemi shaɗɗa, wato miyar barkono, a gefe. Na san wata baiwar Allah da ke tafe da ƙullin yajinta a jaka, ban ga laifinta ba, in dai ba a baje shi a kan farin mayafi ba.

Tun 2019 doka ta sa a riƙa rubuta yawan kuzarin kowane abinci a minyu, ana kuma nuna abubuwan da ke tayar wa wasu da rashin lafiya, kamar gyaɗa da madara da alkama da jatan lande. In baƙonka yana da ciwon suga ko hawan jini, faɗa wa ma'aikaci tun farko, a rage gishiri, a ajiye romo a gefe.

Ma'aikatan galibi 'yan Filifin ne da Indiya da Masar da Labanan, ga kuma matasan ƙasar da ke ƙaruwa. Larabcin kasuwa ya isa. Ɗaga hannu kaɗan ka ce lau samaht, wato don Allah. Ba a tafi, ba a tsaki, ba a ƙwala kira daga nesa.

Cokula da hannun dama

Jerin cokulan nan da ke tsorata mutane ba su da wani sirri: ana farawa da na waje a shigo ciki, kashi bayan kashi. Ƙyallen da aka naɗe a faranti a cinya ake shimfiɗa shi. Inda ake samun cikas shi ne Turawa da hagu suke riƙe cokali mai yatsu, su kai baki da shi, mu kuwa da dama muke ci. Maganin mai sauƙi ne: yanka loma uku ko huɗu, ajiye wuƙa, mayar da cokalin hannun dama, ci abinka. Kai ka fara yi don baƙo ya gani ya bi, ba sai ka yi masa darasi ba. Burodi da dankali da ƙashin rago da hannu ake ɗauka, babu mai kallo. In kana hutawa ne, bar wuƙa da cokali a ware a kan faranti. In ka haɗa su wuri ɗaya, ka ce ka gama ke nan, za a ɗauke. Na ga wanda ya tashi amsa waya ya dawo ya tarar an tafi da rabin kazarsa.

Hoto dole ne, mutanen gida suna jira a WhatsApp. Ku ɗauki abincinku da kanku, amma a kiyaye teburin maƙwabta. Dokar ladabin bainar jama'a ta 2019 ta hana ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba, kuma akwai tara. Ka ja kunnen matasan da ke tare da kai, su ne masu juya waya tana zagaya zaure.

Kayan zaki guda biyu sun ishi mutum huɗu. Crème brûlée, mai ɓawon ƙonannen suga a sama da ake fasawa da cokali, yakan burge baƙo ko don fasawar. Shayi da na'ana'a ya rufe.

Biyan kuɗi

Ba a kawo lissafi sai ka nema. Ka san halinmu: da zarar takarda ta sauka a teburi Kawu zai fara laluben aljihu yana rantsuwa, kai kana rantsuwa, ma'aikaci na tsaye. Ka guje wa wannan. Lokacin shayi ka tashi kamar za ka wanke hannu, ka je wurin mai karɓar kuɗi ka ce al-hisab, ka gama a can. Za a tambaye ka kash ko shabaka, wato tsaba ko kati. Katin mada na bankunan ƙasar nan da waya duk suna yi.

Karanta takardar kafin ka taɓa kati. Harajin kaya kashi 15 cikin ɗari ne tun Yuli 2020, kuma a ƙa'ida yana cikin farashin da aka rubuta a minyu, takardar tana nuna shi ne kawai a ware. Ƙirga kwalaben ruwa, duba ko an sa abin da kuka fasa. In ka ga wani layi da ba ka gane ba, tambaya cikin ladabi, yawanci nan take ake gyarawa. Tukuici ba dole ba ne. Wanda ya ji daɗin hidima yakan bar kamar kashi 10 cikin ɗari, ni kuma na fi son in damƙa wa yaron da ya yi mana hidimar tsaba a hannunsa. Abincin da ya rage ka ce a ƙulle maka safari, kowa na yi, kuma dattijonmu ba zai ji daɗin ganin an mayar da nama kicin ba.

Da kun fito, bi da su ta Kornish su ga feshin ruwan Sarki Fahd yana tashi daga teku cikin haske. A mota ka saurara da kyau. Idan ka tambayi Kawu ko ya ƙoshi ya ce "Alhamdu lillahi, ai an ci daɗi," amma ya ja ƙarshen maganar, to akwai sauran wuri. Tsaya wurin mai sere, tsiren nan namu da mutanen Hijaz suka karɓa har da sunansa, ka sa a naɗe masa da albasa da yaji ya tafi da shi masauki.